Mai Yasar Rijiya

Ni ke yashe rijiyar Inna Dija a Garwa,
can bayan tashar motocin Pitowa.
Bazara goma sha ɗaya ina shigarta,
na san ta kamar yadda harshe ya san haƙori mai ciwo:
gaba bakwai, jan yumɓu,
gaba tara, yashi mai sanyi,
daga nan ido ya buɗe, ruwa ya yi mini sallama.

Bana da na sauka, ba ta gaishe ni ba.
Wari ne ya tarye ni tun a gaba shida,
warin garejin Hamadiko mai gyaran babur,
a wurin da babur bai taɓa zuwa ba.
Kaina ya yi jum, igiya ta zama biyu a idona.
Na girgiza ta, yara suka jawo ni
kamar gugan da ya ɗebo mugun labari.

Muka zuba ruwan a tasa, muka kai shi rana.
Sai ga bakan gizo kwance a kansa,
shuɗi, ja, ruwan hanta.
Jikan Inna ya ce yana da kyau.
Wani ya ƙyasta ashana, wai wasa,
wuta ta lashi fuskar ruwan, ta yi fuu, ta mutu.
Ba wanda ya yi dariya.
Ruwan da muka sani da kashe gobara
yau shi ya ba ta masauki.

Tsallaken titi akwai tsohon gidan mai.
Ya mutu tun da masu kwalabe suka cika bakin hanya.
An cire famfuna, an yaye kwano,
awaki ke kwana inda motoci ke layi.
Amma tankuna biyu na ƙarƙashi,
su da ransu aka binne su,
da sauran mai a cikinsu.
Tsatsa ba ta gaggawa.
Damina ta shayar da ita, ta huda ƙarfe kamar allura,
ɗigo, ɗigo,
ƙasa kuwa ba ta da bakin tofarwa.

Ashe tun bara masu shan kokon Inna ke yamutsa fuska.
Ta zargi gero, ta canza mai gero.
Ta zargi randa, ta fasa randar aurenta.
Mangwaron tsakar gida ya zubar da fure,
albasar Sanda ta ruɓe tun a fangali,
aka ce sammu, aka yi turare.
Ba wanda ya kalli tsallaken titi.

Jauro ya sa aka rubuta takarda.
Wasu suka zo da farar mota da ƙananan kwalabe,
suka ɗiba, suka shafa jan fenti a bakin rijiya.
Mai gidan man? Ya sayar wa wani,
wanin ya sayar wa wani a Duwala,
na Duwala ya rasu, magada na kotu.
Takarda ta tafi Yawunde, ba ta aiko da gaisuwa ba.

Yanzu Inna na sayen jarka dala goma,
ita da maƙwabta ke layi a ƙofarta.
Ta ce, Bakari, haƙa mini wata a kusurwar can.
Na ce, Inna, katanga a sama take,
ƙarƙashin ƙasa gidan kowa ɗaya ne.
Ta yi shiru, ta miƙo mini goro,
na ɗora kwano a bakin rijiyar, na danne da dutse.

Jiya a hanyar Marwa na ga ana sauke sabon tanki a rami,
fentinsa na ƙyalli, ana ta tafi.
Na auna da ƙafa zuwa rijiya mafi kusa.
Taku arba'in da biyu.
Ita ma ni na haƙa ta.